Majami'ar Ƙauyen Bature

Shekarar da na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na yi wa wani Baturen Ingila tafinta, lokacin da ya zo Dakoro aikin rijiyoyi. Akwai hoto a aljihunsa da ba ya rabuwa da shi. Na ɗauka matarsa ce. Ashe majami'ar ƙauyensu ce.

Wata rana na kai shi ya gaida kawuna, magini, wanda shi ke yi wa masallacin unguwarmu yaɓe bayan kowace damina. Ba a gama gaisuwa ba Bature ya zaro hoton. Gini ne na dutse, ruwan toka, da hasumiya mai kusurwa huɗu, da dogayen tagogi masu tsinin kai, ga kaburbura har bakin ƙofa.

Ya yi bayani ina juyawa. Hasumiyar aka fara ginawa. Bayan shekaru ɗaruruwa aka faɗaɗa ɗakin ibada, jikokin jikoki suka ƙara zaure, rufin kuma har yanzu ana gyara.

Kawu ya daɗe yana duban hoton, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce mini, "Mushe, tambaye shi, wane ne ya kama aikin nan har yau bai gama ba?"

Na sassauta maganar kafin na juya. Bature ya yi murna.

"Mutum nawa ke shiga?" in ji Kawu.

Bature ya ce tsofaffi ne ƴan kaɗan, limamin ma sai sau ɗaya a wata, don ƙauyuka da yawa yake zagayawa.

"To, na ƙasa sun fi na ciki yawa ke nan," Kawu ya ce. Wannan ban juya ba.

Da muka fito, Bature ya tsaya gaban masallacinmu na laka yana shafa bango. Ya roƙe mu kada mu taɓa rushe shi. Kawu ya ce in sha Allah.

Watanni kaɗan da tafiyarsa, wani ɗan unguwa da ya yi arziki a Maraɗi ya aiko da siminti da kwano don a sake gina masallacin. Kawu ne ya fara ɗaga diga, yana fara'a, don ya huta da yaɓe. Da bazara yanzu a waje muke sallar azahar, saboda zafin kwano.

Baturen ya taɓa aiko mini wasiƙa yana tambayar masallacin. Na rubuta masa cewa yana nan, har ya ƙara girma.