Tsotsa Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan mijina a Gusau ban taɓa ko ɓatan wata ba. Don haka ranar da ƙawata, ma'aikaciyar jinya, ta ce mini akwai jariri ɗan kwana tara a asibitinsu, ba ta rufe baki ba na fara neman mayafina. Uwarsa Bafullatana ce, cikin waɗanda suka gudo daga ƙauye bayan an kai musu hari, ta rasu wajen haihuwarsa. Aka yi cigiyar dangi har aka gaji. Muka sha zirga-zirgar kotu da takardu, aka ba mu shi riƙo.

Kada wanda ya ce ban san abin da na ɗauka ba. Malamin unguwarmu ya zaunar da mu, ni da maigidana, ya faɗa mana gaskiya: yaron ba zai ci gadonmu ba sai dai wasiyya, kuma ba za a jingina shi ga sunan maigidana ba. Duk na ce na ji. Sannan ya juyo gare ni.

"Malama, namiji na. Ran da yab balaga ke ba muharramatai ba ce, sai kin suturta gabanai. Sai fa in 'yar'uwarki ko matar ɗan'uwanki ta shayar da shi kahin shi shekara biyu. Ga mazhabarmu ko tsotsa guda ta, in ta kai ciki ta isa."

Dariya ma na yi. Ƙanwata tana Tsafe da goyon wata uku, ƙanwar da ni na goye ta har bayana ya san nauyinta. Na ɗauka an gama.

A makon farko yaron ya ƙi madarar gwangwani. Na sha kunun kanwa da hulba, na ɗora shi a ƙirjina ko Allah zai kawo ruwan nono, amma ko ɗigo. Wata safiya yana ta tsala kuka sai ga maƙwabciyata mai ƙosai ta shigo, hannunta duk ƙullu, nata ɗan a baya. Matar da na sha yi wa tsegumin hayaƙi. Ba ta tambayi ɗan wane ne ba. Ta ce, "Miƙo shi nan, ciwon 'ya mace na 'ya mace na." Ta zauna a kan turmi ta ba shi har ya yi barci. Haka ta yi ta yi kusan wata biyu, kafin ya saba da madara.

Da ya yi ɗan ƙwari na ɗauke shi sai Tsafe, da turmin atamfa da sabulu. Ƙanwata ta karɓi kayan da hannu biyu, yaron kuwa ta leƙa fuskarsa daga nesa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta hau gyara ɗaurin zane.

"Yaya, sai na tambayi maigida."

Maigidan ya amsa daga zaure, bai ko shigo ba. "Wa as san ubanai? Ƙila ɗan 'yan bindiga na. In ya sha nonon gidan ga ya zama ɗan'uwan ɗiyana har abada. Ba da ni ba."

Ban ji zafinsa sosai ba, don shi bare ne. Ƙanwata na zuba wa ido. Rigarta ta jiƙe da nono a gabana, yana zuba a banza, muna ɗaki daga ni sai ita, ba mai ganinmu sai Allah. Na ce, "Guda ɗai. Minti biyu." Ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya, aurena." Na ɗauki ɗana na fito, atamfar ma na bar mata ta yi ta ɗaurawa.

Sau huɗu ina komawa. Na je Rawayya, can Bungudu, wurin matar wana, ita kuma ta ce ta riga ta yaye, in jira haihuwa ta gaba. Da haihuwar ta zo, wana ya aiko a ce mini kada in wahalar da kaina da hanya, ba ta da kyau. Hanyar da ba ta hana shi zuwa Gusau cin tuwona duk Juma'a ba! Ina ji ina gani yaron ya cika shekara biyu, ƙofa ta rufe. Masu cewa naka sai naka, su zo su ga nawa.

Ban taɓa nadamar ɗaukarsa ba, kada a juya mini magana. Shi ya mayar da gidanmu gida. Shi ya fara kira na Inna, shi ya karya mini tabarau biyu, shi yake ɓoye mini tsokar nama a aljihu daga gidan biki, ta iso duk zare. Da ƙyanda ta kama shi, a bayana ya warke. Abin da ke cin raina shi ne mutanen da suke yi mini wa'azin ladar riƙon maraya a bakin taro, su ne suka hana shi abin da ko akuya ba ta hana ɗan wata.

Bara muryarsa ta buɗe. Maigidana ya gyara masa shagon ƙofar gida, ni kuma na rataye hijabi a ƙusar bakin ɗakina. Ranar da ya fara ganina da shi a tsakar gida ya ce, "Inna, unguwa za ki?" Na ce e. Na fita na zagaya layi na dawo, don kada in zama maƙaryaciya. Daga baya malam ya yi masa bayani. Tun daga ranar yake sallama sau uku kafin ya shigo inda ya koyi tafiya.

Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da shi, maigidana yana kasuwa. Na dama kunu na kai shagon da hantsi. Na tarar da mai ƙosai ta riga ni, kanta ko ɗankwali babu, ta ɗora kansa a cinyarta tana shafa masa ruwa a goshi. Halal ne gare ta, uwarsa ce ta shayarwa. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa cikin hijabi har ƙasa.

Ya buɗe ido ya ce, "Inna, taɓa ki ji, kaina kamar shi tsage."

Na miƙa wa mai ƙosai kofin. Na ce ta bari ya ɗan huce kafin ta ba shi, ba ya son mai zafi.