Asabar Uku a Ƙarƙashin Akori-kura

Shekara goma sha bakwai akori-kurar mahaifina ta yi a ɗore kan duwatsu a ƙofar gidanmu na Dutse Uku. Da ita ya yi ta jigilar dankalin Turawa da kabeji daga ƙauyuka zuwa kasuwar Taminus, har lokacin da idonsa ya fara dushewa ya ajiye tuƙi. 'Yan gwangwan sun sha taya ta, ya ƙi sayarwa. Da na yi ritaya daga koyarwa, na ce masa zan tayar da ita. Dariya kawai ya yi, ya ce in kula da kunamu.

Ni ba bakanike ba ne. Iyakar sanina canza fulogi da duba mai. Don haka na nemi wani tsohon abokin Baba, ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan mota a Titin Bauchi, wanda kowa ke kira Oga. Ya yarda zai riƙa zuwa duk Asabar da safe, da sharaɗin ni zan riƙe sufana, shi baki kawai zai sa, don bayansa ya daina lanƙwasuwa.

Injin bai ba mu wahala yadda na zata ba. Ƙafar baya ce ta nuna mana hali. Sifirin ɗinta falle-fallen ƙarfe ne da aka jera bisa juna, kuma ƙusa mai kaurin babban yatsa ce ke riƙe da shi a jikin shasi, da noti a bakinta. Dole a sauke sifirin hagu da na dama a duba su. Notin dama ya kwance bayan kwana biyu ina ɗiga masa man birki da kananzir. Na hagu ko gezau.

Asabar ta farko na sa sufana na ja har hannuna ya yi kanta. Oga ya ce in zura bututu a ƙotar don ƙarin ƙarfi. Na zura, na hau da ƙafa, bakin sufanar ya tsage.

"Malam, motar nan ya fi ka taurin kai," in ji Oga. "Bari in kira mai walda ya yanke shi da gas."

Na ce a'a. Tankin mai na kusa, kuma idan wuta ta ci kunnen shasin da ƙusar ke ciki, ba mu da inda za mu samo irinsa. Ya kaɗa kai, bai yi musu ba.

Duk makon nan, bayan sallar asuba sai in shiga ƙarƙashinta da buroshin ƙarfe, ga sanyin Jos yana ratsa kwalin da nake kwanciya a kai. Tsatsa da busasshen taɓo suna zubo mini a fuska. Matata ta daina yi mini maganar riguna, ta ware mini tsofaffi guda biyu ta ce su ne na mota.

Asabar ta biyu muka koma ga guduma da kurfi. Baba ya sa aka fito masa da kujera, ya zauna a rana yana saurare. Na yi duka kamar goma sai ya ɗaga hannu.

"Dakata. Wane ɓangare kake bugu?"

"Na hagu, Baba."

Ya ce, "Shafa bayan notin, wajen da ido ba ya kaiwa. Akwai ɗan tudu?"

Na zura yatsa na ji shi, kamar ƙwayar masara.

"To ba tsatsa ba ce, walda ce. Ni na sa aka ɗiga masa. Wata damina ya kwance mini a hanyar ƙauye da buhu ashirin a baya, na kwana biyu a daji. Da na dawo na ce ba zai sake kwancewa ba."

Oga ya yi dariya har da tari. "Alhaji, mako biyu kana kallon yaronka yana wahala."

"Na manta ne. Ƙarar gudumar ce ta tuna mini."

Wurin ya matse, injin yanka ba zai shiga ba. Sai da na samo siririn zarto na naɗe ƙarshensa da tsumma, na riƙa gogar waldar a kwance, ina lalubenta da yatsa don ba na ganinta. Kullum awa ɗaya, har kafaɗata ta gaji. Ranar Alhamis na ji tudun ya baje.

Asabar ta uku na ɗora sabuwar sufana, na yi bismilla na ja. Notin ya yi ƙara siririya, ya juya. Na ci gaba da murzawa har ya faɗo a tafin hannuna. Ƙusar ma ta so yin gardama, don ta manne a cikin robar da ke zagaye da ita. Wannan karon dabarar tawa ce: na kwantar da ƙaramin jak na ɗaga mota a gicciye, na tokare shi da shasi, na tura ta a hankali har ta fito ɗaya gefen. Sifirin ya sauko kan katakon da na tara masa, kunnen shasi ko ƙwarzane babu.

Oga ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa, ya daɗe yana dubawa.

"Masu gareji da yawa da tuni sun ƙone shi," ya ce. "Wannan aiki mai tsabta ne."

Na fito na miƙa wa Baba notin. Ya juya shi a hannu, ya shafa inda na goge, ya tambaye ni da me na yi. Da na gaya masa, sai ya sa na maimaita a gaban maƙwabcinmu tela da ya tsaya gaishe shi.

Da yamma na warware falle-fallen sifirin, na jera su a jikin bango bisa tsayinsu. Guda ɗaya ne kawai ya tsage. Oga ya auna shi da igiya, ya ce ya san wanda zai tambaya a samo irinsa.