Kwanon Kawu Ilu da Ramin Aksil

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san farin kwanon nan mai ɓalgataccen baki. Ko masallaci muka je ko ta'aziyya, ba ya gaisawa da kowa sai ya tattare babbar riga, ya durƙusa bayan a-kori-kurarsa, ya tura kwanon ƙarƙashin aksil don ya tari man da ke ɗiga. In za a tafi ya tace da tsumma ya mayar. Ni ɗan ƙanwarsa ne kuma direbansa, saboda haka ni ke shan kunyar. Har tambayata ake ko tatsar motar muke yi.

Sil ɗin, wato robar da ke tare man, ban san sau nawa muka canza shi ba. A sa sabo, kafin kasuwa ta zagayo ya jiƙe sharkaf. Kawu ya zargi mai sayar da kayan, ya zargi hanya, ya zargi ƙafata, wai ina taka mota kamar ta ci min amana.

Rannan Habu bakanike na Tudun Wada ya gaji, ya shige ƙasan motar, ya fito da wani dunƙule na auduga da kwalta.

"Baba, wa ya toshe ɗan ramin nan na saman aksil?"

"Ni, da hannuna."

"Ai ta nan take numfashi. In ƙarfe ya yi zafi, iska ta rasa hanya, dole ta turo man ta sil."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, tun da ruwan Tiga ya cinye garinmu nake cikin kwale-kwale. Ban taɓa ganin ramin da aka bari a buɗe ya yi wa mutum alheri ba."

"Baba, mota ba jirgin ruwa ba ce."

"Ita ma kifi take ɗauka."

Muna isa gida ya mayar da abinsa, har da ƙarin kwalta.

Da aka sake sa sabon sil, na faki idonsa na cire toshin. Ɗiga ta tsaya cak. Ina ta murna, sai ga Kawu riƙe da busasshen kwano, hankalinsa a tashe kamar an yi masa sata.

"Sabi'u, ba ta ɗiga."

"Ai gyaran ke nan, Kawu."

"Gyaran me? In ba ta ɗiga, ta ina zan san da mai a cikinta?"

Ya leƙa, ya gano ni, ya sake toshe ramin. Ban ci tuwo a gidansa ba sai da mahaifiyata ta sa baki.

Abin da na fi tsoro shi ne birki, don man yakan bi ya jiƙa shi. Na faɗa har bakina ya gaji. Ai kuwa wata safiya da damina, mun lodo kwandunan kifi za mu kasuwa, a gangaren Burumburum na taka birki na ji kamar na taka kunu. Muna salati muka zarce cikin kududdufi. Tarwaɗar da ke da sauran rai ta kama gabanta. Kawu kuwa ya nannaɗe wando, ya lalubi ƙasan mota, ya ɗago yana washe baki.

"Ka gani? Ko ɗigon ruwa bai shiga ba."

Wallahi ranar da ba kawuna ba ne, da a ruwan zan bar shi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni. Na zauna ina jiran wasiyya, idona ya ciko. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kar ka bari Habu ya taɓa ramin nan."

Bayan sadakar bakwai na shiga ƙasan motar da kaina, tunda Habu ne Kawu ya hana, ba ni ba. Na ɓamɓaro toshin, sai na ga shatin babban yatsansa kwance a jikin kwaltar. Na daɗe a kwance a wurin. Tun daga ranar motar ba ta ƙara ɗiga ba. Gaskiyata ta fito, amma wanda zan yi wa gori ba ya nan, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Toshin yana cikin kwanon, kwanon yana bayan kujerata.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yafe masa, Ya toshe duk wata kafa tsakaninsa da azaba. Ya buɗe masa ƙofar rahama. Ita kam na san zai bar ta a buɗe.