Tsohuwar da ta Zauna a Bakin Ƙofa

Wata rana da damina, motarmu ta lalace a wani ƙauye, na shiga wata ƙaramar coci don in fake wa yayyafi.

Matan zumunta ne a ciki, suna koyon waƙa.

Wata na buga tulu a hankali, wata na kaɗa caki. Hasken la'asar yana shigowa ta taga, ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin. Na jingina da bango, har gyangyaɗi ya fara ɗaukata.

Sai ga wani saurayi ya faɗo ciki, ba takalmi, rigarsa duk jini.

Ya zube a gaban shugabarsu, wata tsohuwa da suke kira Mama Rifkatu.

Da ƙyar ya yi bayani. Sun je saran itace da abokinsa, ruwan gatari ya fice daga ƙota, ya sami abokin a ka. Ya rasu nan take. Mutane na biye da shi.

Ba ta ma tsaya tambayar waye mamacin ba. Ta tura shi bayan matan, ta jawo benci, ta zauna a tsakiyar ƙofa.

Ta ce a ci gaba da waƙa.

Daga baya wata daga cikinsu ta gaya mini cewa Mama ta sha koya musu labarin biranen mafaka na Isra'ilawan dā. Wanda ya yi kisa ba da gangan ba, can yake gudu. Mai neman fansar jini ba ya taɓa shi sai jama'a sun zauna sun ji maganarsa.

Ni dai a lokacin tsoro kawai nake ji, ina duban tagar da zan bi.

Samari suka iso da sanduna, ruwa na zuba a kansu. A gabansu akwai wani dogo mai suna Kefas, ɗan Mama Rifkatu.

Ya ce, "Mama, ki tashi. Wanda ya kashe Zakka ne. Autanki."

Tulun ya yi shiru.

Na ga hannunta ya kama gefen bencin. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke sauka daga kwano, kamar mai neman tuna wani abu.

Sannan ta ce, "Na ji, Kefas. A kira mai gari, a kira hukuma. In da gangan ya yi, ni zan fara ba da shaida a kansa. Amma yau ba zan binne ɗa guda in kai na biyu kurkuku ba."

Kefas ya durƙusa a cikin taɓo yana kuka. Sandunan suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Matan suka sake ɗaukar waƙar ƙasa-ƙasa. Har yanzu in na tuna, gani nake kamar mafarki na yi.

Ba ta motsa ba sai da mai gari ya zo da 'yan sanda. Ita da kanta ta riƙo hannun yaron, ta raka shi har bakin motar 'yan sandan.

Da motar ta sha kwana, ta juyo wajen Kefas ta ce, "To, kai ni in ga ɗana."

A nan ne ta zube ƙasa.

Darasi: Jinƙai ba ya hana shari'a. Fushi yake tsarewa a bakin ƙofa har a ji gaskiya. Bai wa mutum mafaka abu ne mai sauƙi in ba kai aka yi wa rashi ba, amma ranar da ya zama naka ne aka taɓa, ranar ake sanin abin da ka gaskata.

Ka tura wa wani da zuciyarsa ke tafasa yau, kafin ya ɗauki sanda.