Tafintan Famfon Khaddamari

Na bar unguwar Moduganari ta Maiduguri bayan sallar asuba da aike guda a wuyana: in samo mai jin Holanci da harshen Kuroshiya. Ƙungiyar agajin da nake wa aiki ta kawo injin ruwa mai aiki da hasken rana sansanin 'yan gudun hijira na hanyar Khaddamari. Injiniyan ɗan Holan ne, mai haɗa injin ɗan Kuroshiya, Turancinsa bai wuce "oke" ba. Sun yi ta nuna wa juna yatsa, injin yana kwance a akwati. A sansanin nan gwaggona Ya Falmata take, kullum jarka a ka daga rafi, kuma na yi mata alkawarin ruwan famfo kafin azumi.

Hanyar Damaturu

Sai da hantsi ya dubi ludayi sojoji suka buɗe hanya. Kowane shinge mu sauka, hannu sama, mu taka da ƙafa. Wani soja ya tambaye ni ina za ni.

"Neman tafinta, yallaɓai."

"Na Kanuri?"

"Na Kuroshiya."

Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Wuce. Kai ba haɗari gare ka ba, wahala ce."

Kano

Na kwana a shagon abokina a Fagge, na karya da waina. Ya haɗa ni da wani tsohon ɗan ƙwallo da ya buga a Holan. Na ce ya faɗa mini bututu da Holanci, ya ce shi dai ya iya zagin alƙalin wasa.

Abuja

Nan Allah ya dube ni. Na sami wata dattijuwa 'yar Kuroshiya, matar wani likita, wadda ta yi aiki a masana'antar famfo a Holan. Nan take na buga wa ogana waya.

"Madalla," in ji shi. "Saura biyu. Dokarmu, ba a ɗaukar kowa sai an gwada mutum uku."

Na ce, "Oga, su uku ne a duniyar?"

"Doka ce."

Na saka ɗan ƙwallon a na biyu. Na uku ya cinye mini kwanaki, har na dace da wani fada, limamin coci, da ya taɓa ratsa Kuroshiya a jirgin ƙasa. Kwamiti ya zauna, ya sha shayi, ya zaɓi dattijuwar.

Komawa Maiduguri

Ita jirgin sama doka ta ba ta, ni kuwa mota, ran talaka ba ya cikin inshora. Na riga ta isowa, na je tarbarta. Tana saukowa, sai ga ɗan Kuroshiyan da jakarsa zai hau jirgin nan, lokacin hutunsa ya yi, shi ma doka ce. Suka rungumi juna, suka gaisa da harshensu, ya tafi. Oga ya dafa ni ya ce kada in damu, wanda zai maye gurbinsa ɗan Fotugal ne. Raina ya ɓaci.

Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa direbobin da suka bi hanyar nan da ransu a hannu. Ranar da aka ɗauki azumi na je sansani, kunya kamar in nutse. Akwatin injin yana nan, awaki na kwance a inuwarsa. Da aka kira magariba, Ya Falmata ta tsiyayo mini ruwan rafi daga jarkarta, jawur da shi.

"Sha, ɗana," ta ce. "Wannan ba ya neman tafinta."