Lambar Ƙarya a Takardar Tasha

Shekarun baya, lokacin ina sarin takalma a Kano, kusan duk mako sai na hau bas daga tashar Daura. Kafin mota ta tashi, ɗan kamasho yakan miƙo takarda, kowa ya rubuta sunansa da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Ni kuwa a ganina mugun fata ne. Ko daga gari ba ka fita ba, ana tambayar wa zai karɓi gawarka? Don haka duk lambar da ta faɗo mini nake zubawa, ina jin kaina mai wayo.

Ran nan na lura tayar baya ta suɗe kamar tafin hannu. Na ce wa direba, "Maigida, anya tayar nan za ta kai mu?"

Ya ce, "Malam, in ba za ka ba, sauka. Kar ka yi mana baki."

Wani dattijo ya ƙara da, "Yaro, Allah ke tsarewa, ba taya ba."

Kunya ta mayar da ni kujerata. Mun wuce Kazaure kaɗan tayar ta fashe. Ina tuna ƙarar, da salatin mata, da yadda ƙasa ta koma sama. Abin da ya zo mini a rai shi ne ba wanda zai san inda nake, kuma wallahi tsoron wannan ya fi na mutuwar.

Sai bayan kwana biyu na farfaɗo a asibiti, ba waya, ba kowa nawa. Mai jinya ta ce sun yi ta kiran lambar, wata mata ce ke ɗauka, ko Hausa ba ta ji.

Da yamma mahaifiyata ta shigo tare da yayana. Ba ta yi faɗa ba. Ta shafa kaina kawai, ta ce, "Sannu, auta."

Yanzu baro-baro nake rubuta lamba, kuma in mota ba ta yi mini ba sauka nake, haƙƙina ne, kowa ya harare ni. Amma har gobe gabana na faɗuwa in na tuna abin da yayana ya gaya mini daga baya. Da suka ji ni shiru, ga labarin hatsari, sai suka bazama nemana. Kafin su same ni, ɗakin ajiye gawa aka fara kai su. Fuska uku aka buɗe wa mahaifiyata, ta duba kowacce da kyau.