Ranar da Kakata Ta Russuna Mini

A kasuwar Kawo na fara ganinsa, rataye a kan igiyar wani mai gwanjo, tsakanin wanduna da rigunan ruwa. Naktayi ne ruwan toka mai siraran layuka ja, iska tana kaɗa shi a hankali. Na daɗe tsaye ina kallo kafin na saye shi. A littattafan soyayyar da nake karɓowa haya a lokacin, irinsa samari ke ɗaurawa a wuya su fito daga mota, 'yan mata su sunkuyar da kai. Ni ba ni da ko keke, amma a ranar na ji kamar labarina ne ya zo shafin farko.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, wajen ƙarshen shekarun tamanin, kuma za a tura mu gwajin koyarwa na zango guda. An gargaɗe mu a kan shiga: farar riga, baƙin wando, zanzaro, takalmi sau-ciki. An ce wata rana malami zai zo daga kwaleji ba sanarwa, ya zauna a bayan aji, ya duba shigarka da yadda ka riƙe yara. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara. Mahaifina direban babbar mota ne, ya riga ya gaya mini cewa idan na faɗi, karatu ya ƙare, sai in bi shi hanya.

Sai aka tura ni firamaren unguwarmu a Rafin Guza, inda na yi karatu, inda kuma kakata take sayar da ɗanwake.

Wurinta aka kai ni yaye, ban kuma koma ɗakin mahaifiyata ba. Tun ban isa shiga aji ba nake zama gefen tukunyarta a gindin darbejiyar makarantar, ina kallon yadda take tsinkar ƙullun tana jefawa cikin tafasasshen ruwa. Ƙamshin man gyaɗa da yaji shi ne ƙamshin ƙuruciyata. Kuma ka san tsakanin kaka da jika. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai angona, sai maigida. Ni kuma in ce mata tsohuwa mai ƙararrun haƙora. Ko zazzaɓi nake yi, da tsokana take ba ni magani.

Ranar farko, damina ta yi nisa. Na sa gawayi a dutsen guga na goge rigata har tana sheƙi, na ɗaura naktayina, na fito tsakar gida. Tana ɗaure kayanta ta ɗago kai.

“La ilaha! Wa ya ɗaure mini miji kamar ragon layya? Kawo igiyar in ja ka, hanyarmu ɗaya.”

Na yi dariya, na ce kishin kyau ne ke damunta. Na bi gefen lungu ina tsallake jan taɓo, raina fes.

Aji huɗu aka ba ni. Yaran suka miƙe suka gaishe ni, suna kallon wuyana da mamaki, har na fara jin cewa na zama mutum. Da aka tashi tara, na fito ina tafiya a hankali zuwa ofishin malamai. Sai muryarta ta ratsa filin gaba ɗaya.

“Angona! Zo ka ci tun da zafi, kada yunwa da igiya su haɗu su kashe mini kai!”

Filin ya kwashe da dariya. Na ɗaga mata hannu na wuce, kunnuwana suna zafi.

Daga ranar aji ya kuɓuce mini. Da na juya zan yi rubutu a allo, sai wata ƙaramar murya ta ce “angon Iya”, wata yarinya ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa, sauran su kife a kan benci. Na yi tsawa, na sa su durƙuso, na ɗauki bulala na ajiye. Yaran nan ƙannen abokaina ne, iyayensu sun san ni ba wando. Kullum na shiga da riga mai sitaci, in fito ta jiƙe da gumi. Ita kuwa kowace tara da sabon kirarin da za ta yi mini, don a wurinta alfahari take yi.

Hedimasta, dattijo ne da ya koyar da ni ina yaro, ya kira ni ofis. “Idan mai dubawa ya tarar da ajin nan haka, ka faɗi. Kayan jikinka ba za su cece ka ba. Ka yi mata magana.”

Na gwada, da yamma tana wanke tukunya. Na ce, “Iya, don Allah a makaranta ki riƙa ragewa.”

“Au, ka ga malamai mata masu jan baki, yanzu kunyata kake ji? To ko su sun san da ni.”

Ta ci gaba da wankinta tana dariya. A nan na gane cewa ba mu da wani harshe ni da ita in ba na wasa ba. Duk abin da na faɗa, tsokana za ta ji.

Bayan 'yan kwanaki, ina cikin aji na hango hedimasta ta taga. Ya je gindin darbejiya ya tsuguna a gabanta. Ban ji abin da yake faɗa ba. Na dai ga ludayin hannunta ya daina motsi, ruwa yana ta tafasa, ba ta jefa komai ba. Ya tashi ya tafi, ita kuma ta daɗe tana kallon wuta.

Washegari ta riga ni fita. Da na shigo makaranta, yara sun kewaye ta. Tana ganina ta sauko daga kujerarta, ta gyara mayafi, ta russuna har gwiwarta ta kusa taɓa ƙasa.

“Malam, barka da asuba. An tashi lafiya?”

Matar da ta goya ni. Na rasa inda zan sa idona, na amsa a daburce na wuce. Filin ya yi tsit. Da tara na ji ta tana korar wani yaro daga cikin masu tsokanata. “Tafi. Wanda bai ga girman Malam ba, ba shi da ɗanwake a tukunyata.”

Kafin mako ya fita aji ya dawo hannuna. Mai dubawa ya zo wata safiya ana yayyafi, ya zauna a baya, ya tarar da yara tsit kamar ruwa ya cinye su. Ya yaba shigata, ya yaba natsuwar aji. Na ci.

Na ɗauka a ƙofar makaranta abin zai tsaya. Na dawo gida da murna na ce, “Tsohuwa, ina abincin maigida?”

“Ga shi can an rufe wa Malam.”

Zango ya ƙare, ba ta canza ba. Na tsokane ta da haƙora, da tafiya, da gishirin miya, sai ta yi murmushi ta ce Allah ya shirya. Sau ɗaya na tsare ta, na ce ai an gama, na ci, ta dawo mini yadda take. Ta dube ni ba dariya.

“An ce bakina ya kusa raba ka da abincinka. Idan na sake shi a gida, zai kuɓuce mini a waje. Bar shi a ɗaure.”

Yanzu ɗaliban koyarwa suna zuwa makarantar da nake shugabanta, cikin kaftani da hula, ba mai tambayarsu zanzaro. Ina yi musu nasiha a kan tsabta da kamun kai, amma ban taɓa zuwa wurin dangin wani in yi magana a madadinsa ba. Ban ce hedimasta ya yi kuskure ba. Da bai je ba, da wataƙila ina kan hanya da babbar mota.

Ita kuwa ta yi tsawon rai. Da idonta ya tafi, na ɗauko ta zuwa gidana a Unguwar Dosa. 'Ya'yana maza suka zama angayenta, kullum ɗakinta cike da ihu, tana cewa wannan rowa gare shi, wancan ba ya wanka. Amma kunnenta bai tsufa ba. Da ta ji takuna sai ta janye ƙafafunta, ta lalubi mayafi, ɗaki ya yi shiru. Don haka a shekarunta na ƙarshe, idan na dawo daga aiki, a bakin ƙofa nake cire takalmi, in lallaɓa in tsaya bayan labule da jakata a hannu, ina sauraro.